Martani A Kan Shimfiɗar Baƙo A Gidajen Haya Na Ƙasar Arewa

Ɗan'uwana malami, wanda ya yi rubutu kwanan baya game da ɗakuna da gidajen da ake bai wa baƙi haya ta kwana ɗaya ko ta mako a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, ina neman izininsa in saɓa masa a bainar jama'a kamar yadda ya faɗi ra'ayinsa a bainar jama'a, domin mas'alar da ya taɓo, ko da yake ido yana ganinta ƙarama, ta shafi lafiyar jikin matafiyi, da halaccin kuɗin da mai gida yake karɓa, da kuma irin labarin da ake bayarwa game da garuruwanmu a bakin waɗanda suka kwana a cikinsu suka wuce.

Abin da na fahimta daga maganarsa shi ne, saukar da baƙo gadonmu ne tun kaka da kakanni, bai taɓa buƙatar takarda ko sa hannun hukuma ba. Ba'are matafiyi ba ya barin gida sai da mayafinsa da butarsa. Tawul da farin zanen gado kuwa al'adar Nasara ce da manyan otel-otel na Yamai suka kwaso, wadda ba ta dace da talakan Matankari ko na Geceme ba. Sannan in aka bar hukuma ta tsoma baki, babu abin da zai biyo baya face haraji da cin hanci da rufe ɗakunan mutanen da da kuɗin hayar nan suke cefane. Ya kuma jingina hujjarsa da karin maganar da kowa ya sani, cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ban yi jayayya da shi ba a kan falalar karɓar baƙo, kuma ba zan yi ba. Wanda ya sauka a zauren wani a Lugu ko a Dumega, aka kawo masa ruwa da fura, aka shimfiɗa masa abin da ya sawwaƙa, to abin da ke kansa godiya ce da addu'a, kuma duk wanda ya ɗaga tabarmar da aka ba shi kyauta yana duba ƙasanta ya yi rashin kunya. Shari'a ta kwaɗaitar da liyafa har kwana uku, kuma ba ta gindaya wa mai kyauta sharaɗin launin mayafi ba. Sai dai gidajen da muke magana a kansu ba su cikin wannan babi, kuma a nan ne, a ganina, malam ya haɗa abu biyu waɗanda fuƙaha'u suka daɗe da rabawa: ranar da mai gida ya yanka wa ɗakinsa farashi, ya miƙa hannu ya karɓi kuɗi, ya ba da mabuɗi, a ranar ya fita daga hukuncin kyauta ya shiga hukuncin haya, kuma haya tana da rukunai da sharuɗɗa waɗanda fara'ar fuska ba ta ɗauke su.

Mu dubi ko su wane ne baƙin nan. Dogon Dutsi tana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, fiye da kilomita 270 daga Yamai, tsakanin Doso da Birnin Ƙwanni, kuma duk motar da ta nufi Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ta nan take bi, ta Kore Mairuwa ta wuce. Masu kwana a cikinta akwai direban da dare ya yi masa, da ɗan kasuwar da ya zo sarin dankalin turawa a lokacin rani, da ma'aikacin da aka turo aiki na kwana biyar, da malaman da ake kawowa tsaron jarrabawa, da ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara, da dangin ango da suka yi wa gidan biki yawa. Tun da aka ɓalle Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, ita ma ta sami nata rabon ma'aikata masu zuwa da komawa. Mafi yawan waɗannan mutane ba su san mai gidan ba, shi ma bai san su ba. Ɗan kamasho ko ɗan kabu-kabu ne ya kai su, ko kuwa ta waya aka yi cinikin tun suna hanya, aka tura kuɗin kafin ido ya ga ɗaki. Kunyar da take tsare baƙon zaure da mai zaure, wato sanayya da zumunci da tsoron abin da za a faɗa gobe, babu ita a tsakanin waɗannan, kuma inda sanayya ta ƙare dole wani abu ya tsaya a madadinta.

Ko a zamanin da malam yake yabo, ba haka kawai aka bar al'amarin ba. Fataken da suke bin hanyar Gwanja neman goro, da masu ɗaukar gishirin Foga, da masu kora dabbobi kudu, suna sauka ne a hannun fatoma, kuma fatoma sananne ne ga sarkin gari da sarkin zango: shi yake ba da ɗaki, shi yake ajiye kaya, shi yake tsayawa lamuni tsakanin baƙo da mai saye, yana cin la'adarsa a kan haka, kuma idan kayan baƙo suka salwanta a gidansa an san ƙofar da za a buga. Har a Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan, inda Hausawa suka kai wannan tsari, masu gida da suna suke ci, kuma wanda ya ci amanar baƙo ɗaya ya rasa ayari. Wannan doka ce cikakkiya, ko da ba a rubuta ta da tawada ba. Abin da ya faru a yau shi ne an riƙe karɓar kuɗin fatoma, an yar da nauyin da ke wuyansa.

To me littattafan da muka karanta a zaure suka ce? Mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasar nan, ta sharɗanta a cikin haya cewa ladan ya zama sananne, ajalin ya zama sananne, amfanin da aka saya shi ma ya zama sananne, domin jahiltar ɗayansu gararu ne, wato rashin tabbas, gararu kuwa yana ɓata ƙulli. Wanda ya biya kuɗin kwana bai sayi bango da rufi kawai ba, barci ya saya. Kuma idan shi yana zaton akwai zanen gado wankakke da gidan sauro da ruwan wanka a cikin abin da ya biya, mai gida kuwa yana nufin katifa tsirara da ƙofa mai rufuwa, to ba su haɗu a kan abu ɗaya ba tun farko. Malam zai ce abin da ba a ambata ba ana komar da shi ga urfi, kuma gaskiya ne, al'ada abar hukuntawa ce. Amma al'adar da ake hukunci da ita ita ce wadda ɓangarorin biyu suka sani, alhali baƙon da ya taso daga Agadas ko daga Birnin Kabi da mai ɗaki a Kore Mairuwa ba urfi ɗaya suke ɗauke da shi a ka ba. Mai sayen hatsi a kasuwa yana ganin tiyar da za a auna masa da ita kafin ya kwance bakin aljihu. Haƙƙin mai hayar ɗaki bai gaza wannan ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da mas'alarmu. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekarar 829 ta Hijira, daidai da 1426, a cikin littafinsa Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, ya lissafa kuɗin cizo a cikin aibobin gida waɗanda suke halatta wa mai saye ya mayar. Ina roƙon malam ya tsaya a kan wannan. Shekaru ɗari shida da suka wuce, malamin fiƙihu, Musulmi, wanda bai taɓa jin labarin otel ba, ya ga ƙwaron da ke cikin shimfiɗa ya isa a warware cinikin gida dominsa. Idan haka ne ga wanda ya sayi gida, wanda yake da watanni na yin feshi da ƙone tsummoki, ina ga wanda dare ɗaya kacal ya saya, kuma daren nan shi ne dukkan abin da ya biya? Saboda haka da'awar cewa kula da tsabtar shimfiɗa baƙon abu ne da ya zo mana daga Faransa ba ta tsaya ba.

Na taɓa sauka a irin waɗannan gidaje a wani gari na kan hanya, a cikin damina, aka nuna mini ɗaki mai kyau a ido, da fanka da labule da gado shimfiɗe. Da na ja zanen don in gyara shi, sai na ga ɗinkin gefen katifar cike da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada, wanda duk wanda ya san kuɗin cizo ya san kashinsa ne. Matashin kai ya yi duhu a tsakiya saboda man kan mutanen da suka gabace ni. Tawul ɗin da aka rataya a ƙusa kuwa da sauran danshi a jikinsa, yana warin ruma. Mai gidan dattijo ne mai fara'a ƙwarai, ya tambaye ni iyali da gajiya, ya aiko mini da shayi, kuma na tabbata har zuciyarsa bai ɗauka ya cuce ni ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa cewa wankin zanen nan yana cikin abin da ya sayar. Shimfiɗar fuska na same ta a wurinsa cikakkiya, kuma ba ta hana ni kwana zaune ba.

Ba don ƙyama ko son jin daɗi nake nanata wannan ba. Ƙazuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su a shekarar 2017, ƙwaronta yana iya rayuwa kwana biyu zuwa uku a jikin zane bayan mai ita ya tashi, kuma zafin da ya haura digiri 50 na tsawon minti 10 yana kashe shi. Kuɗin cizo yana yin watanni a cikin tsagar gado bai sha jini ba, ya kuma bi jakar matafiyi zuwa gidansa. Ciwon idon nan mai makantarwa da likitoci suke kira tirakoma, wanda ƙasarmu ta yi shekaru tana yaƙi da shi, a cikin hanyoyin yaɗuwarsa akwai goge fuska da ƙyalle ɗaya, haka ma afolo da makero. Wanda ya kwana a ɗakin haya jiya ba shi kaɗai abin ya shafa ba, gobe yana kan gadon matarsa, jibi jaririnsa yana kan kafaɗarsa. Ƙa'idar da malamai suka gina babi-babi a kanta, ta cewa ana gusar da cuta, ba ta keɓe cutar da ta zo ta hanyar zane ba.

A kan tawul shi kansa, ina ganin malam yana da rabin gaskiya, kuma zan ba shi ita. Ban ce wajibi ne kowane mai ɗaki ya ajiye tawul ba. Ko a Faransa, dokar da aka fitar ranar 31 ga Yuli 2015, wadda ta lissafa abubuwa 11 da dole a samu a gidan da ake bayarwa haya da kayansa, ta ambaci shimfiɗa da abin rufa amma ba ta ambaci tawul ba. Mutanenmu da yawa sun fi natsuwa da nasu, kuma rashin tawul ya fi tawul ɗin da wani ya goge jiki da shi sau dubu. Abin da nake cewa shi ne a faɗa tun kafin a karɓi kuɗi: akwai ko babu. In babu, baƙo ya zo da nasa, a rage masa farashi gwargwado. In akwai, to ya zama an wanke shi bayan baƙon da ya gabata, an shanya ya bushe, an goge. Zanen gado da rigar matashi da gidan sauro da ruwa da makewayi mai tsabta kuwa ba na sassautawa a kansu, domin ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake cika asibitocinta kowace damina ba ta da uzurin sayar da barci babu gidan sauro.

Malam ya ce talaka ba zai iya ba. Wannan magana ta cancanci a auna ta da adalci, domin ruwa ba ɗaya ba ne a ƙasar Arewa: mutumin cikin Dallol Mawri, a Fadama ko Geceme, yana samunsa kusa, shi kuwa na kan tudu wajen Dogon Kirya da Sukukutan sai ya zura guga mai nisa, kuma a cikin gari ma wanda yake saye a hannun 'yan ga-ruwa ya san kuɗinsa. Amma abin da ake nema bai kai yadda ake tsoratarwa ba. Masu sana'ar sauke baƙi suna ajiye wa kowane gado zane kashi uku, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya wurin wanki, ɗaya a ninke cikin akwati, kuma ba sai fari ba, atamfa mai ƙwari ma ta wadatar. A sa wa katifa rigar leda, a riƙa fitar da ita rana. Mai wanki da guga na unguwa, wanda yake cuɗa kaya da sabulu a bakin famfo, ya shanya a igiya, ya cika dutsen guga da garwashin gawayi yana fifita shi har ya yi ja, ya bi ɗinki da shi sannu a hankali, aikin likita yake yi bai sani ba, domin zafin dutsen nan ya isa ya kashe ƙwarƙwata da ƙwaron ƙazuwa. Ladansa kaɗan ne daga kuɗin kwana ɗaya, kuma a kan baƙo yake komawa. Wanda ya iya sayen fanka da talabijin don ya ƙara farashin ɗaki, ba zai ce sabulu ya gagare shi ba.

Kuma da malam ya duba da kyau, da ya ga rubutun da yake gudu kariya ce ga mai gidan da yake tausayawa. Kukan masu ɗakuna kullum shi ne baƙi suna tafiya da tawul, suna ƙona zane da taba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu suke karantawa, mai haya amintacce ne a kan abin da ya halaka a hannunsa, ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana, alhali mai sana'a irin mai wanki, wanda ya tafi da kaya wurinsa, shi yana biya in sun ɓata. To da me mai gida zai bayyana ƙaryar baƙo idan babu shaidar abin da aka danƙa masa? 'Yar takarda guda a manne bayan ƙofa, da boko ko da ajami, mai cewa ɗakin nan kuɗinsa kaza, a cikinsa akwai zane biyu da matashi biyu da gidan sauro da bokiti da buta, a ƙirga tare ranar shiga, a ƙirga tare ranar fita, ta kashe rigimar tun ba ta tashi ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, kuma hikimar da ke cikinta ta kawar da shakka tsakanin mutane ba ta tsaya ga bashi kaɗai ba.

Dokar ƙasa kuwa ba sabuwa ake nema a ƙirƙiro ba. Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a tun ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta yi magana a kan gidaje da wuraren da mutane ke taruwa, ta kuma tanadi jami'an da ke da ikon dubawa. Ta kuma kafa dokar hayar gidaje ranar 18 ga Afrilu 1996. Kundin dokokin zaman jama'a da muka gada, wanda asalinsa na 1804 ne, ya ɗora wa mai bayar da haya, a sashe na 1719 da na 1720, ya miƙa abin haya cikin kyakkyawan hali, kuma a sashe na 1952 ya mai da mai masauki ma'ajin kayan matafiyin da ya sauka wurinsa, wanda shi ne ainihin nauyin fatoma na da. Otel-otel suna rubuta sunan duk wanda ya kwana da lambar katinsa su kai wa 'yan sanda. Ban ga dalilin da zai sa gida mai ɗaki shida, wanda yake yin aikin otel dare da rana, ya kuɓuta daga wannan don kawai bai kafa allo a ƙofa ba, balle a halin rashin tsaro da iyakarmu da Najeriya take ciki, wanda ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Mai gidan da ba ya rubuta sunan baƙinsa, shi ne farkon wanda za a kama ranar da wani abu ya faru.

Saura tsoron malam na cin hanci, kuma wannan ne mafi ƙarfin hujjojinsa. Dattawanmu ba su manta da duba-gari ba, wanda yake leƙa randa yana neman abin da zai ci tara a kansa, kuma kowa ya san yadda ƙaramin iko yake zama hanyar tatsar marar ƙarfi. Amma maganin muhtasibi azzalumi, wato jami'in da ke dubawa, shi ne a bayyana wa jama'a iyakar abin da aka ba shi ikon tambaya, domin cin hanci a cikin duhu yake girma, inda mai gida bai san abin da ke kansa ba, jami'i kuwa yana ƙara sharaɗi yadda ya ga dama. Idan sharuɗɗan kaɗan ne, rubutattu, an karanta su da Hausa a rediyon gari, an manna su a ƙofar ma'aikatar magajin gari, rajista kyauta ce ko da kuɗi kaɗan mai rasit, gargaɗi kuma yana gabatar tara, to hannun mai neman na goro ya gajarta. Barin al'amarin babu ƙa'ida, kamar yadda malam yake so, bai taɓa hana jami'i zuwa ba. Abin da yake hanawa shi ne mai gida ya sami takardar da zai nuna masa.

Saboda haka ina kira ga kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumomin Dogon Dutsi da Tibiri da Kore Mairuwa da Matankari da sauransu, da sarakunanmu, da jami'an tsabta na asibitocin gunduma, su zauna da masu gidajen nan da masu wanki da limamai, su fitar da takarda guda mai shafi ɗaya kafin damina ta kama. Shi kuma ɗan'uwana malami, tun da alƙalaminsa yana da masu saurare a cikin masu gidajen fiye da nawa, ina roƙonsa ya shiga zauren, ya kawo hujjarsa ta kare talaka a lokacin da ake yanke kuɗin rajista da na tara, domin a can ake buƙatarta.